Kawu Mai Makulli da Tankin Gidansa

Ƙanin mahaifiyata ya yi aiki a ma'aikatar ruwa tun yana saurayi har furfura ta rufe masa kai. Aikinsa buɗe ruwa da rufe shi. Ruwan garin ba ya isar kowa a lokaci guda, saboda haka yakan bi unguwa-unguwa a kan keke, da wani dogon makullin ƙarfe ɗaure a baya, ya zura shi cikin ramin da ke bakin titi, ya rufe wa waɗannan ya buɗe wa waɗancan. Daga nan aka sa masa Mai Makulli. Mu kuwa Kawu muke ce masa.

Ya sha zagi a wannan aiki. Unguwar da ya rufe wa ta tsine masa, wadda ya buɗe wa ba ta san da shi ba. Ko gidansa bai taɓa yi wa alfarma ba. Inna, matarsa, takan ce ta auri mai ruwan gari amma ita ce ta fi kowa sanin nauyin jarka. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu suka tsufa a ɗan gidansu. Da ya ajiye aiki, abin da ya fara yi shi ne ɗora baƙin tanki a kan ƙarafa a bayan ɗakin girki, wai ya biya Inna wahalar da ta sha.

Shekaru tankin yana aiki lafiya. Ruwa yakan zo unguwarsu da yamma, ya hau ya cika shi, ya ɗauke kafin gari ya waye. Sai wata rana Inna ta kira ni ta ce famfonsu ya bushe, alhali na maƙwabta yana zuba.

Da safe na tafi da mai gyaran famfo. Ya kafa tsani ya hau, ya buga cikin tankin ya ji yana amsawa kamar ganga. Ya ce ƙwallon robar nan ne da ke toshe bakin bututu idan ruwa ya cika, ya maƙale a sama. Ya sauya shi. Ya sauko ya duba makunnin da ke gindin bango, inda bututu ya shigo daga titi, ya tarar da shi a buɗe.

Kawu yana zaune a kan kujera yana kallonsa. Ya ce, “Ɗan nan, aikinka da kyau. Wa ya koya maka?”

Mai gyara ya gaya masa. Kafin ya gama tattara kayansa Kawu ya sake yi masa tambayar, ya sake amsawa. Muka yi dariya, muka ce tsufa ne.

Washegari tanki wayam. Mai gyara ya dawo ya kwance bututun, ya fitar da tsatsa da ɗan yashi, ya rantse wannan karon an gama. Ba a gama ba. Da ya zo na uku ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, “Inna, in dai ba wani ne ke shanye shi a hanya ba, ni ban ga laifin tankin nan ba. Ku bari wani ya tsaya ya ga zuwan ruwan da idonsa.”

Ni na tsaya. Da yamma ta yi muka ji bututu ya fara tari, ruwa ya kama hawa. Inna ta ɗaga hannu za ta yi godiya ke nan sai ga Kawu ya fito daga ɗaki, ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, ya nufi gindin bango da irin tafiyar da na san shi da ita ina yarinya. Ya durƙusa ya murɗe makunnin har ƙarshe. Ƙarar ruwa ta yanke.

Inna ta matsa kusa da shi. “Malam, me kake yi haka?”

Ya ɗago ya dube ta cikin ladabi. “Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Yau rabon mutanen tudu ne. Da safe zan buɗe muku.”

“Malam, ni ce fa.”

“Na sani, kowa haka yake faɗa. In na yi miki, me zan ce wa saura?”

Inna ta koma ɗakin girki ta zauna a kan turmi, ta riƙe bakin zanenta tana murzawa. Ashe kullum haka yake yi, da safe kuma ya je ya buɗe, lokacin da ba ko ɗigo a bututu.

Mun gwada lallashi, mun gwada ɗauke masa hankali da hira, amma da zarar ya ji motsin ruwa sai ya miƙe. Daga ƙarshe mai gyara ya ce a cire hannun makunnin a bar shi a buɗe. Inna ta ce a cire, amma a bari sai yana barcin rana.

Ranar da aka cire shi, da yamma Kawu ya fito ya durƙusa, ya laluba bai ji komai ba sai ɗan guntun ƙarfe. Ya kama shi da yatsu yana ƙoƙarin juyawa har fatar ta saɓule. Ya dube ni ya ce, “Za a kai ƙarata.” Na ce ba mai kaiwa. Bai yarda ba.

Tanki ya ci gaba da cika. Kawu ya yi ’yan kwanaki yana zuwa gindin bangon, daga baya ya daina, ya kuma rage fitowa tsakar gida. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, sai dai a kula da shi. Kafin shekara ta zagayo ya kwanta, ba ya iya tashi ko zuwa banɗaki. Inna ce ke juya shi, ita ke wanke zannuwan gadonsa kowace safiya. In na je nakan tarar da igiya cike da shanya, ita kuma tana zaune a bakin ƙofarsa, tana amsa masa duk sunan da ya kira ta da shi.