Sanda Arba'in Gabas da Turke

Cheetham Hill

Ƙarfe shida saura kwata na asubahin Asabar na ja ƙofar ɗakina a unguwar Cheetham Hill, ana yayyafi, ni kuma ina ƙunƙuni. A ganina tafiyar ba ta da dalili. Kawu Sani ne ya kafe sai na je Birmingham da ƙafata, alhali aikin da ya sa ni tun Laraba na gama shi.

Ga aikin. Kakarmu, wadda ta haifi Kawu da Innata, ta rasu a daji Kawu yana goye, lokacin da mijinta, Kaka Mamman, ke kula da dokin wani Bature mai awon ƙasa. Masu sarƙar awo sun riga sun yi gaba, don haka da aka binne ta sai Kaka Mamman ya auna wurin da abin da ke hannunsa, wata sandar gora da aka yanke daidai tsayin dokin. Sanda arba'in gabas da turken siminti da masu awo suka kafa, haka ya yi ta faɗa har ya bar duniya. Sandar ta ɓace, kabarin ya baje, wurin ya zama gonarmu. Yanzu yayana Bashir zai gina ɗakin ajiya a can, kuma ranar nan bayan Azahar za a fara haƙa harsashi.

Katin da likitan dabbobi ya rubuta wa dokin yana wurin Kawu, ya karanta mini ta waya: 14.2. Turawa da tafin hannu suke auna doki, kowane tafi inci huɗu. Ni kuwa digiri na uku nake yi a kan awon ƙasa. Na ninka 14.2 sau huɗu, na ninka sau arba'in, na mayar da shi zoben sarƙa, domin tsohon mai awon da ke taya Bashir har yau da sarƙa mai zobe ɗari yake aiki. Na samu zobe 287, na tura gida. Bashir ya kafa icce a nan, ya bar ɗan fili, ya ja layin harsashi a gabansa.

Kan hanyar M6

Doguwar motarmu ta tashi shida da rabi. Direban ya dubi ambulan ɗin da na rungume ya tambaya ko jarrabawa zan je. Na ce a'a, kawuna ne bai yarda da lissafina ba. Ya yi dariya ya ce nasa kawun ma haka yake.

Wajen Stoke gari ya waye, na hango dawakai uku a wani fili an rufa musu barguna. A nan na tuna ban taɓa tsayawa kusa da doki na auna shi ba. Tunanin bai yi mini daɗi ba, sai na kore shi da shayin da na zo da shi. Tara da minti goma muka shiga Birmingham, bayan tafiyar mil tamanin da 'yan kai.

Aston

Na tarar da Kawu a falo ya rufe gwiwoyinsa da bargo, katin yana kan cinyarsa cikin leda. Muka gaisa, 'yarsa Hadiza ta kawo ƙosai da kunun gyaɗa. Taubashiyata ce, a nan aka haife ta, a asibitin dabbobi take aiki, kuma ba ta taɓa raga mini.

Na shimfiɗa takardata ina yi wa Kawu bayani da murya irin ta malamai. Hadiza ta leƙo ta kafaɗata.

"Yaya Dakta, wait. Wa ya ce maka haka ake karanta shi?"

"Ke da dabbobi, ina ruwanki da lissafi?"

"Dokin ai dabba ne, ko? Lambar da ke bayan ɗigon, inci ce, ba ta taɓa wuce uku. Tafi sha huɗu da inci biyu. Fifty-eight inches, Yaya."

Na karɓi biro na sake lissafi da inci hamsin da takwas. Inci ɗaya da ɗan kai na rage wa dokin, amma sau arba'in ya zama ƙafa huɗu cif. Zobe 293 ne. Kunya ta rufe ni, tsoro ya biyo bayanta, domin a gida sha biyu ta kusa.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Auwalu, kira yayanka."

Bashir ya ɗauka ta bidiyo, leburori na zaune a inuwa da diga a gefensu. Tsohon mai awo ya sake jan sarƙa daga turken siminti, ya ƙara zobe shida. Yatsansa ya sauka a kan layin tokar da aka zuba don harsashi, a gindin wata sabara. Bashir ya durƙusa ya share ƙasa da hannu. Sai ga duwatsu a jere, ga fasasshen tulu a tsakaninsu.

Kawu ya miƙo hannu na ba shi wayar. Ya kawo ta dab da fuskarsa, ya daɗe yana kallo.

"Salamu alaikum, Inna," ya ce. "Sani ne. Na tsufa."

Hadiza ta fita kicin. Ni ma na rasa inda zan sa idona.

Komawa

Motar ƙarfe huɗu na biyo. Da zan fito na tambayi Kawu ko dama ya san na yi kuskure. Ya ce ina zai sani, shi dai hankalinsa ne bai kwanta ba a yanke maganar uwarsa ta waya, babu wanda ya zauna a gabansa.

Takwas saura na buɗe ɗakina. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Kawu da kafiyarsa, da Hadiza wadda na san har jikokina sai sun ji wannan labari daga bakinta. Kafin na cire takalmi hoton Bashir ya shigo: an matsar da harsashin, an kewaye sabarar da duwatsu, an yayyafa wa wurin ruwa.