Ranar da Baba Ɗanmusa Ya Jiƙa Motar Alhaji

Da an idar da sallar asuba a Bagudo, Baba Ɗanmusa yakan nufi tasha da akwatin katakonsa a hammata. Ba shi da shago. A gindin maɗaci yake shimfiɗa buhu, ya jera wayoyi da filaya da wani ɗan ƙwan fitila mai jela biyu da yake gwada wuta da shi. Ba ya taɓa mota sai ya zaunar da direba ya ji labari: ina ta mutu, da wane lokaci, an yi ruwa ko ba a yi ba. Direbobi har ƙorafi suke wai tambayarsa ta fi ta alƙali. Shekara goma sha bakwai ke nan yana haka, tun da ya dawo daga soja inda ya koyi aikin wutar mota. Bana idonsa ya yi rauni, ya ce da kaka zai ajiye aiki.

Ban taɓa rubuta abin da mutanen gari za su karanta ba, kuma takardar nan sau huɗu ina sake ta. Amma abin da zan faɗa na tabbata da shi, domin a kan mahaifina ya faru.

Mahaifina, Malam Lauwali, shi ke tuƙa babbar motar Alhaji Bunyaminu, yana ɗaukar shinkafa daga Kaoje zuwa kasuwar bakin iyakar Dahome. A daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai, motar ta tsiro da wani hali. In an yi ruwa sai ta fara tari a hanya, ta mutu. Ya yi ta fama, ta ƙi. Sai rana ta buɗe ta gasa ta, sannan ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku mahaifina yana isa ya tarar kasuwa ta watse. Makanikai biyu suka duba ta a ƙofar gidan Alhaji cikin rana tsaka, bugu ɗaya ta tashi, suka ce lafiyarta lau. Daga nan magana ta fara yawo cewa Lauwali yana tsayawa ne ya yi jigilar kayan kansa a bakin iyaka. Alhaji ya aiko a faɗa masa ya kawo makulli ran Juma'a. Mahaifiyata ta daina zuwa rijiya da safe saboda kallon da mata ke mata.

Ran Alhamis mahaifina ya kai motar gindin maɗaci. Ni ban je ba, amma na ji labarin daga bakin mutum uku, kuma ba su saɓa ba. Baba Ɗanmusa ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ba zai sa hannu ba sai mai mota yana tsaye. Da Alhaji ya iso, aka tayar da ita, ta ɗauka nan take. Alhaji ya ce to ga shi nan, me kuma ya rage?

Baba Ɗanmusa bai yi gardama ba. Ya lulluɓe kan inji da tsohon buzu don kada ruwa ya taɓa inda bai nufa ba, ya ɗauko butarsa, ya fara ɗiga ruwa a kan waya ɗaya bayan ɗaya, inji yana aiki. In ya jiƙa wuri sai ya dakata, ya kasa kunne, ya matsa gaba.

"Ɗanmusa, alwala kaka yi mata?" in ji Alhaji.

"Ta daɗe ba ta yi ba, Alhaji. Yi haƙuri mu kai ga ƙafahu."

'Yan tasha suka yi dariya, ban da mahaifina. An wuce batir, an wuce wayoyin fitila, buta ta kusa ƙarewa, motar tana ta gurnaninta. Alhaji ya gyara riga zai tafi. Sai tsohon ya zura bakin buta bayan koyil, tulun nan da ke ba fulogi wuta, ya tsiyaya ragowar. Ba a daɗe ba injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Aka buga, ya ƙi. Aka sake, ya ƙi.

Baba Ɗanmusa ya kwance koyil ya juyo bayansa. Ashe zanzaro ne ya gina gidan laka a can, hayaƙi ya baƙanta shi har ya saje da ƙarfe. Ya bayyana musu cewa in lakar ta bushe ba ta komai, in ta sha ruwa sai wuta ta bi ta cikinta ta zurare, fulogi bai samu ba. Ya kankare, ya goge, ya mayar, ya sa aka kwara guga guda a wurin. Motar ta tashi, ba ta ko girgiza ba.

Alhaji ya jima yana juya ɓawon lakar a tafinsa. Sannan ya ce, a gaban kowa, "Lauwali, na zalunce ka. Riƙe makullinka."

Baba Ɗanmusa, kai ne mai sauraro kafin kwance ƙusa. Wasu sun duba mota a lokacin da take lafiya suka yanke wa mutum hukunci, kai kuwa ka kira ciwon ya zo gaban shaidu. Na san ba mu kaɗai ba ne. Malama Abimbola ungozoma ta ce tun da ka gano wayar da ruwa ke taɓawa a ƙarƙashin motar asibiti, fitilunta ba su sake ɗaukewa ba a hanyar Bahindi.

Mun gode, Baba. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa ka huta cikin rufin asiri. Ku kuma da za ku gaji wurinsa, in direba ya ce muku motarsa tana mutuwa bayan ruwa, kada ku ƙaryata shi don ta tashi a gabanku. Ku nemo ruwa ku gwada. Mahaifina har yau shi ke tuƙa motar, kuma ko ɗazu da hadari ya fita zuwa Kaoje.