Motar da Na Shirya wa Baba

Duk unguwarmu ta Sharafiyya a Jidda babu wanda bai san motata ba. Tsohuwar jif ce mai dabal, wato tayoyinta huɗu duk suna ja. In na tayar da ita da safe, har tantabarun unguwar Bagdadiyya sai sun watse.

Don Baba na saye ta. Yana yaro ya zo ƙasar nan a ƙafa tare da iyayensa, tun daga ƙasar Katsina har bakin teku a Sudan. Jirgin katako ya sauke su a wata gaɓa can kudu da Jidda, ba gari ba ƙauye. A nan zazzaɓi ya kashe mahaifiyarsa, suka binne ta a gindin wani dutse mai tozo biyu. Bai san sunan wurin ba, amma kullum cewa yake in ya ga dutsen zai gane shi. Abu ɗaya ya taɓa roƙona a duniya, in kai shi ya tsaya a kan kabarinta ya yi mata addu'a.

Na ce halas, an gama, Baba, bari dai in shirya motar.

Na fara da tayoyin rairayi masu faɗi, da safaya biyu. Wani mai walda a unguwar Ammariyya ya ƙera min tankin mai na biyu, ya ɗora min kariyar ɗaukar kaya a sama wadda ko raƙumi za ta ɗauka. Na jera jarkokin ruwa da za su shayar da unguwa guda. Sai shebur, sai famfon iska, sai falankan ƙarfe da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse, sai injin ja mai igiyar ƙarfe a goshinta. Maƙwabcina ya tambaye ni ko duniyar wata zan je, in haka ne in gaida masa mutanen can.

Duk Juma'a in mun dawo masallaci Baba zai zauna a ƙofar gida ya tambaya ko na gama, in ce saura kaɗan. Wata rana ya ce, "Ɗan nan, mu fa da gora ɗaya muka ƙetare Chadi da Sudan."

Na yi dariya na ce ai zamaninsu rana ba ta kai ta yanzu zafi ba. Gaskiyar kuwa tsoro nake ji. A Jidda aka haife ni, ban taɓa sauka daga kwalta ba, duk ƙarfen da na ƙara mata sai in samu hujjar ɗaga tafiyar da wata guda. Na lura Baba ya fara lalubar kofin shayi, yana gane mutane sai sun yi magana. Har tsokanarsa na yi, wai sarauta yake ji.

Shekara biyu da wani abu na kwashe. Ranar da na gama, na riƙo shi ya zo ya gani. Ya shafa jikinta tun daga gaba har baya, sannan ya tambaye ni wace kala ce. Da na kai shi asibiti, likita ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu, babu aikin da za a yi.

Duk da haka Baba ya ce yalla, mu je. Muka fita da sassafe, muka sauka daga kwalta, na rage wa tayoyi iska kamar yadda aka koya min. Motar nan ko sau ɗaya ba ta nutse ba. Yini guda ina tsayawa a gaban duwatsu ina kwatanta masa, yana tambaya ko tozon hagu ya fi gajarta, ko ana hango teku daga gindinsa. Ni kuwa duk dutsen da na kalla sai in ga tozo biyu.

Da la'asar ta yi na tsaya a gaban wani, na ce, "Baba, ga shi nan. Shi ne."

Ya sauko a hankali, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafinsa.

"Tun kana ƙarami in za ka yi ƙarya muryarka sama take yi," in ji shi. "Juya ni alƙibla kawai. Allah ya san inda take."

Na juya shi. Ya ɗaga hannu ya yi ta addu'a, ni ina tsaye a bayansa, ina kallon jarkokin da ko ɗaya ba mu gama sha ba. A hanyar dawowa ya yaba motar, ya ce tana da daɗin zama.

Bai ga wata shekarar ba. Motar ta daɗe a ƙofar gida tana shan ƙura, mutane suna tayawa ina ƙi. Shebur ɗin yana nan ɗaure a kariya da fentinsa, bai taɓa shiga ƙasa ba.