Yarinya ta Bakwai a Kabarin Sir Aubrey

Damaris Choji ta shekara goma sha ɗaya tana sharar wani tsohon coci a kudu maso gabashin Landan. Kowace Talata da Juma'a takan hau bas daga Plumstead, ta isa kafin ƙarfe takwas. Inda ta fi daɗewa shi ne kabarin Sir Aubrey de Wexcombe, wani basarake da ya rasu fiye da shekara ɗari shida da suka wuce. An sassaƙa siffarsa da farin dutse, yana kwance cikin sulke, matarsa Alis a gefensa. Ba a taɓa dutsen da ruwa ko sabulu. Buroshi mai laushi kawai aka ba ta.

"Da Maigida nake farawa," in ji ta, tana nufin Sir Aubrey. "Ba ya son jira."

Ta san labarinsa daga tsohuwar takardar da ake raba wa baƙi: ya je yaƙi Faransa sau biyu, ya dawo yana ɗingishi, ya haifi maza huɗu da mata biyu. Amma a jikin kabarin yara bakwai aka sassaƙa a jere. Ta bakwai yarinya ce, tana ƙarshen layin mata, ta riƙe gefen rigar wadda ke gabanta. Babu suna a ƙarƙashinta.

Bara kwamitin cocin ya yanke shawarar kafa sabon allon bayani. Aka ba Mista Pennington aikin rubutawa, tsohon malamin tarihi mai shekara saba'in da shida, wanda Damaris ke kira Baba. Wata Juma'a ya karanta mata abin da ya tsara: 'ya'ya shida da wata 'yar aiki.

Damaris ta ajiye buroshi.

"Baba, wa ya ce 'yar aiki ce?"

"Ba ta cikin jerin 'ya'yansa, Damaris. To wace ce?"

"Wane maigida ne zai sa a sassaƙa 'yar aiki a layin 'ya'yansa? Dubi rigarta, iri ɗaya da tasu. Dubi hannunta. 'Yar riƙo ce."

Yana dariya ya ce bai san ta yi digiri a tarihi ba. Ta ce a Bukuru ta yi shi.

Tana da shekara bakwai mahaifinta ya ɗauke ta daga ƙauyensu ya kai ta Bukuru wajen yayarsa, Gwaggo Rifkatu, don ta yi makaranta. Can ta girma tare da 'ya'yan gidan biyar, kwano ɗaya, kayan Kirsimeti daga yadi ɗaya. Duk da haka, baƙo kan shigo ya ce a turo yarinyar aikin nan ta kawo ruwa. Gwaggo ba ta taɓa barin maganar ta wuce ba. "'Yata ce," takan ce, ko fasto ne ya faɗa.

Damaris ta gaya wa Mista Pennington wannan duka a tsaye a gaban kabarin. Ya yarda cewa manyan gidajen Ingila na wancan zamani sukan riƙe 'ya'yan dangi. Amma allo sai da hujja, in ji shi, kuma nan da sati uku za a kai shi wajen masu bugawa.

A gida mijinta Hosea, direban bas, ya ce ta rabu da maganar. "Yarinyar nan ta mutu tun kafin kakannin kakanninki, Mama Gift," in ji shi, yana kiranta da sunan 'yarsu.

"Shi ya sa ba za ta iya yi wa kanta magana ba," ta ce.

Mista Pennington ya je ma'ajiyar tsofaffin takardu sau biyu bai sami komai ba. A zuwa na uku ya tarar da kwafin wasiyyar Alis. A ciki ta bar gadon kwananta da littafin addu'arta ga "Joan, 'yar ɗan'uwana, wadda ta girma a gidana". Ya kira Damaris a waya tun yana bakin ƙofar wurin, yana haki.

An kafa allon a watan Maris. Allon ya ce yarinya ta bakwai mai yiwuwa Joan ce, wadda ta girma a hannun Alis. Damaris ba ta son wannan "mai yiwuwa", kuma takan faɗa wa Baba haka duk Juma'a. Amma ta ɗauki hoton allon ta tura Bukuru, ta yi wa Gwaggo bayani ta waya. Tsohuwar, mai shekara tamanin da huɗu, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko an yi wa yarinyar aure mai kyau.

Damaris ta yi alkawarin za ta sa Baba ya bincika.

Yanzu da Joan take fara shara. Maigida, in ji ta, ya koyi haƙuri.