Injin da Bai Ƙidaya Shanun Kawu Ba

Matar da ta koya mini rubuta shafukan intanet a Madawa ba ta da yawan magana, ni kuwa bakina ba ya rufuwa. Ranar da na fara haɗa ɗan shafi da harshen kwamfuta na JavaScript, na sa 12 a akwati ɗaya, 8 a ɗayan, na ce ya tara. Ya ba ni 128. Na bugi tebur, na ce ko ɗan lakwal da ya fi kowa barci a aji ba zai yi wannan aika-aika ba.

Madam ta ce, "Ba kure yay yi ba. Duk abin da kab buga cikin akwati, rubutu shika ɗaukar shi, kamar suna. In ka ce shi tara, sai shi jera su kusa da juna. Sai ka maishe su lamba da Number() kahin shi ƙidaya."

Ta kuma ja mini kunne: ba duk abin da ya yi kama da lamba ake juyawa ba. Alama irin 0047, in ka mai da ita lamba, sifilin gaba zubewa suke yi. Na riƙe maganar, ban san inda za ta yi mini rana ba.

Daga baya na sami aiki da masu rigakafin dabbobi. Shafin da ake shigar da alamar kunnen shanu ni na rubuta shi, kuma na bar alamar a rubutu kamar yadda aka koya mini. Wata rana aiki ya kai mu wajen Ibohamane, rugar kawuna, yayan mahaifiyata. A garkensa akwai jar saniyar da mahaifiyata ta bari da ta rasu. Ba ni da hotonta, ba ni da ko zanenta. Saniyar nan ce kawai ta rage mini. Ciwon huhu kuwa ya riga ya shiga garkunan maƙwabta.

Da Kawu ya ga alamomin roba masu lamba, sai ya tare gaban garke da sanda a kafaɗa.

"Ba a ƙidaya min bisashe. Wanda yaƙ ƙidaya dukiya tai, ya kira mata ƙarewa. Kowace da sunanta nis san ta."

Likitan dabbobi ya lallashe shi har ya gaji, ya fara harhaɗa kaya. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ga jar saniya can tana tuƙa, ba ta san me ake ciki ba. Na buɗe odinata, wato kwamfuta, na tsuguna gabansa.

"Kawu, sha biyu da takwas nawa na?"

"Ashirin mana. Abin da kag gano Madawa ke nan?"

Na sa lambobin biyu a gurbin alama, na haɗa su, na karanta masa: ɗari da ashirin da takwas. Kawu ya yi dariya har sanda ta faɗi. Na ce masa wurin injin nan alamar suna ce, ba ya ƙidayawa sai an umurce shi, ni kuma na yi alkawari ba zan umurce shi ba.

"To mi za ku ƙidaya?"

"Alluranmu, Kawu."

Ya dube ni ta wutsiyar ido. Wallahi ya gane sarai, tsohon nan ba a yi masa wayo. Ƙofa yake nema, na kuwa buɗe masa. "Alluranku na," ya ce, "ku ƙidaya abinku." Ya kauce daga hanya.

Ciwon ya yi ɓarna a yankin a shekarar, amma garken Kawu ya tsira, jar saniya har ta haihu da damina. Ya aiko mini ƙwaryar man shanunta, ni kuma na ɗauke ta sai Madawa, na ajiye gaban Madam.

"Na mi na?" ta tambaya.

Na ce na saniyar mahaifiyata ne. Na so in ba ta labarin duka, in yi mata godiya yadda ya kamata, sai kawai na buɗe mata ƙwaryar. Ranar ce ta fara ganin bakina a rufe.