Ruwan Rubutun Malamin Sin

A unguwar Adjamé aka haife ni, boko na Faransanci na yi, aikina kuwa fito da kaya daga tashar jirgin ruwa. Cikin waɗanda na yi wa aiki akwai wani ɗan Sin mai babban sito a Treichville, inda yake jibge tangaran da fitilu da takalman roba. Mutum ne mai azarɓaɓi, kullum waya a kunne. Ba shi nake son tunawa ba, mahaifinsa ne.

Tsohon yana zama can ƙuryar siton, kan wani tebur da aka haɗa da katakon kwalaye. Da farko na ɗauka lissafin kaya yake yi. Wata rana na shigo a fusace daga wurin 'yan kwastan, na taka wata takarda da iska ta yar. Sai ya miƙe, ya ɗaga mini ƙafa da hannunsa, ya ɗauke ta ya kakkaɓe. Da Faransancinsa na littafi ya ce mini a garinsu ba a taka rubutu.

Na ce, "To ai mu ma haka. Uwata ko a kwata ta ga takarda mai larabci sai ta tsince ta."

Daga nan muka saba. Ashe malamin adabi ne a wata jami'a a ƙasarsu. Duk rayuwarsa a kan waƙoƙin mutum ɗaya ta ƙare, wani mawaƙi da ya rasu tun zamanin da. Yakan rubuta baiti da manyan baƙaƙe, ya bi gefensa da ƙananan bayani, kamar littattafan malaman zaure. Ya ce ya taɓa gama aikin yana matashi, sai aka shiga wani zamani da ɗalibai suka juya wa malamansu baya. Suka zazzage takardun a tsakar makaranta, suka tattake, suka cinna wuta, shi kuma aka tura shi kiwon aladu. Da ya tsufa matarsa ta rasu, ɗan ya ɗauko shi, shi ne ya zauna yana sake rubutawa daga ka.

Na sha yi masa faɗa. Ga masu injin kwafi birjik a bakin titi, me zai hana a kwafe? Sai ya ce bai gama gyara ba, abin da ba a gama ba ba a nuna wa inji. Taurin kansa har ya fi na uwata. Nakan ce masa, "Tsoho, kai da kunkuru ban san wa zai riga isa ba." Ya yi dariya ya ci gaba da niƙa tawadarsa.

Sai rikicin bayan zaɓe ya zo. Ɗan ya mayar da uban nasa gida China a gaggauce da jaka ɗaya, wai in ƙura ta lafa ya dawo. Da aka fara fasa situna, tsohon ya bugo mini waya daga can. Bai tambayi tangaran ba, kwalin takardunsa ya roƙe ni in ɗauke. Na tsallaka gada da shi a bayan mota, na tura ƙarƙashin gadon Inna, uwata, don a ganina babu inda ya fi nan tsira.

Abin ya ƙara lalacewa. Samari suka kakkafa shinge a hanyoyi, suna shiga gidaje bincike. Duk wanda aka samu da laya ko guru, an ce mayaƙi ne, kuma mun ji abin da ake yi musu. Ni ga suna na 'yan arewa, ga gemu. Ranar da aka ce sun shigo layin bayanmu, ina can neman gawayi da shinkafa.

Da na dawo da la'asar na tarar da Inna a bayan ɗaki gaban babbar robar wanki, hannunta baƙi har gwiwar hannu. Kwalin yana gefe, wayam. Ta jiƙa takardun duka ta murje su, sun zama kamar dussa.

Ban san lokacin da na ɗaga mata murya ba, abin da ban taɓa yi ba. "Inna! Me kika yi haka? Amana ce fa!"

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Na buɗe na gani. Baƙar tawada, rubutun hannu, gida-gida kamar hatimi. Waɗannan yaran baraj ɗin masu tsaron shinge, wa zai tsaya gaya musu na Shinuwa ne, mutanen Sin? Gri-gri za su ce, wato laya, su fita da kai."

"To ki ɓoye mana!"

"A ina? Har katifa suke farkewa. Wuta kuma hayaƙi zai tona mu. Ban zuba a bola ba, ban bari an taka ba. Wanke shi na yi yadda ake wanke allo."

Ruwan ta juye a gindin mangwaro inda ƙafa ba ta zuwa. Amma ta tace kaɗan a kwalbar man zaitun, ta toshe da leda. Ta ce in kai wa malamin ya sha, ilimi in an sha shi ƙirji yake komawa. Na karɓa cikin haushi na ajiye a saman kabad. Abin da ya fi ci mini rai har yau, samarin ba su shigo gidanmu ba, a layin baya suka tsaya.

Bayan an samu lafiya na daɗe ina kallon lambar tsohon kafin na buga. Na faɗa masa komai ban rage ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya tambaya, "An taka?"

Na ce a'a, na gaya masa yadda Inna ta yi, har da kwalbar.

Ya ce, "Ka gaishe ta. Ta fi ɗalibaina ladabi." Na ce ai zai iya sake rubutawa, tunda ya taɓa yi. Ya ce hannunsa ya daina riƙe alƙalami, kuma in ya kamo baiti yanzu, bayanin ba ya biyo shi. Can ya ce, cikin wasa ko da gaske ban sani ba, "Aiko mini da kwalbar."

Na nemi mai tafiya. Wanda na samu ya ce ba a barin ruwa ya hau jirgin sama, balle baƙin ruwa marar takarda. Ina cikin neman wata hanya ɗan ya dawo buɗe sitonsa, da baƙin ƙyalle na makoki a hannun riga.

Inna ba ta san tsohon ya rasu ba, na kasa gaya mata. Har ta bar duniya, in ta ga kwalbar a saman kabad sai ta ce, "Kai dai akwai sakaci. Bawan Allah na can yana jiran karatunsa."