Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Shekarar da muka koma Cheras, wata unguwa a babban birnin ƙasar Malayawa, babbar 'yata tana da shekara huɗu da 'yan watanni, ni kuma ina shekara ta biyu a karatun digirin digirgir. Bincikena a kan yadda malaman nazire suke auna fahimtar yara ne, da amfanin kwamfutar hannu wajen wannan awon. Kullum da safe sai in miƙa ta tadika, wato makarantar ƙananan yara da ke ƙasan benenmu kusa da shagon mamak mai shayi da abinci, in hau jirgin ƙasa na MRT, in sauka in hau mota zuwa jami'armu da ke titin Jalan Semarak, in zauna ina rubuta wa malamai yadda ya kamata su yi aikinsu. Ban taɓa koyar da ɗan shekara huɗu ko na yini ɗaya ba, amma hakan bai hana ni bakin magana ba.

Makarantar tana da wata manhaja da ta burge ni ƙwarai. Malamar ajinsu, wata Bamalayiya mai fara'a da kowa ke kira cikgu, tana yawo da kwamfutar hannu a aji. Yaro ya riƙe fensir daidai, ta ɗauki hoto. Ya jera launuka, ta danna kore. Abin da bai iya ba tukuna ta sa masa ruwan ɗorawa. Da yamma duk ya shigo wayar iyaye. Ina zaune a ɗakin karatu sai in ga 'yata ta gina gada da kwalaye, ko ta wanke hannu ba a ce mata ba. Nakan ji daɗi har cikin raina, in rufe wayar ban nuna wa kowa ba.

Akwai kuma wasan ranar Juma'a. Kowace uwa ko uba za su aiko da gajeren saƙon murya ta manhajar. Yara su zauna a tabarma, cikgu ta riƙa kunna saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ji an kira sunansa ya tashi ya karɓi tauraro a manna masa a riga. Da haka take auna sauraro da bin umarni. Ni ban san yadda ake wasan ba, don takardar bayanin da aka aiko ban karanta ta ba. Na ga kamar na fi ƙarfinta. Kowane mako dai ina aika nawa: "Allah ya yi albarka, a dage da karatu, a ji maganar malama."

Suna kuwa ban sa ba, kuma ko a mafarki ban yi tunanin sawa ba. 'Yar fari ce, ga shi sunan surukata ta ci. Tun da aka haife ta bakina bai taɓa furta sunan nan ba. Mahaifinta yana ce mata Mamana, a bakina kuma "ke" ce, ko "yarinyar nan" idan ina ba wani labarinta. Haka mahaifiyata ta yi wa yayana har ya yi furfura, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta son sa. Ko wurin cika takardun makaranta, miƙa fasfo nake yi su kwafa.

Wajen wata na uku sai na lura akwai gurbi ɗaya da ya ƙi barin ruwan ɗorawa, na amsa kira. Wata ranar Talata manhajar ta turo mini shawarar a kai yarinya a duba mata kunne, cikgu kuma ta haɗa da saƙon cewa tana son ganina. Raina ya ɓaci. Yarinyar da ke jin ƙarar ledar biskit daga ɗaki na biyu, ita za a ce ba ta ji? Na kwashi takarduna na tafi da niyyar in koya wa malamar aikinta. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Cikgu ta zaunar da ni a 'yar kujerar yara, gwiwoyina suna neman taɓa haɓata. Ba ta yi musu da ni ba. Ta ce ita ma ba ta yarda da zancen kunnen ba, manhajar ce ke tura wannan shawara da kanta idan gurbi ya daɗe bai sauya ba. Sai ta kunna mini bidiyon Juma'ar da ta wuce. Ga muryata tana fita daga lasifika, ga 'yata ta ɗago kai nan take, ta miƙe zaune, tana jira. Saƙon ya ƙare. Ta ci gaba da jira kaɗan, sannan ta mai da hannayenta cinya.

"Tana jin ki sarai, Puan," in ji cikgu, Puan ɗin nan kamar a ce Malama ne a wurinsu. "Doka ta ce sai an kira suna, ita kuma yarinya ce mai bin doka. Na tambaye ta me ya sa ba ta tashi ba, ta ce mini muryar Ummanta ce, amma ba da ita take ba."

Na fara yi mata bayanin kunyar ɗan fari da ta suruka, ina kame-kame da Turanci. Ta saurara da kyau, ta ce su ma babban ɗa Along suke ce masa a gida, don haka abin bai yi mata nisa ba. Ta ce za ta gyara gurbin, ta rubuta dalili da hannunta, kuma daga yau in faɗi duk abin da nake kiran ta da shi, za ta karɓa. "Boleh lah," in ji ta, wato ba komai, zai yiwu. Na fito ina jin daɗin an fahimce ni, har ina tsara yadda zan sa wannan a babi na huɗu na kundina, cewa na'ura tana ƙirga abin da ta gani ne, malami ne ke sanin dalili.

A hanyar hawa bene muka tsaya da 'yata na yi mata tapau ɗin roti, wato na sayi wainar fulawarsu aka ƙunshe mana a leda. Tana riƙe da ledar, ba ta ko kalle ni ba, ta ce, "Umma, idan kin manta sunana, yana jikin bag ɗina. Cikgu ta rubuta."

A gida yaro yana tasowa ya ga inna da gwaggo da maƙwabta duk haka suke yi wa 'ya'yansu na fari, ya gane ba sai an gaya masa ba. Ita kuwa duk ajinsu ita kaɗai ce ba a kira. Da na gaya wa mahaifinta, dariya ya yi, ya ce shi dai ba zai kira sunan uwarsa gatsau ba, in zan iya ga fili ga mai doki.

Ranar Alhamis bayan azahar na laɓe a matakalar bayan tsangayarmu, inda ba Bahaushen da zai gifta. Na ɗauki murya na goge, na sake ɗauka na goge. Sau ɗaya sunan ya maƙale, sau ɗaya ya fito kamar ina raɗa. A ƙarshe na runtse ido, na nemi afuwar surukata a zuci, na kira shi cikakke, na ce tashi ki karɓi tauraronki. Na aika tun kafin in sake shawara.

Washegari ina cikin jirgi bidiyon ya shigo. Da sunan ya fita ba ta tashi nan da nan ba. Ta waiga hagu da dama, kamar akwai wata mai irin sunan a ajin. Sannan ta miƙe, ta je aka manna mata tauraron, ta juyo ta fuskanci sauran yaran, ta gaya musu da Malayanci cewa Ummanta ta san sunanta. Na wuce tasharmu ban sani ba, sai da na sauka a ta gaba na dawo.

Yanzu ta girma, ta fi ni tsayi, har takan tsokane ni da zancen. A gaban mutane har gobe "ke" ce. Sunan kuwa na ci gaba da aika shi kowace Juma'a har ta gama tadika, kuma ban fasa laɓewa a matakalar nan ba.